Naushin Da Bai Iso Ba

Shafi na 17

Masu cika min akwatin saƙo da "Malam a ƙara, Malam mun matsu," ga shi nan. Ke kuma da kika tambaya ko na ci jarrabawar ɗamara, na ci. Ki riƙe barkarki tukuna, kada ta yi asara.

*

Tun hantsi zauren kulob ɗinmu na kareti ya cika. An jera bencina a jikin bango, iyaye sun zauna da wayoyi a hannu, kowa ya zo ɗaukar ɗansa hoto. 'Yata ce kaɗai ta zo kallon ubanta.

Uwata nake ce mata, saboda sunan mahaifiyata ta ci. Tun da uwarta ta rasu sunan ya bi ta. Ita ke duba ko na ci abinci, ita ke faɗa idan na yi barci da littafi a fuska na bar fitila a kunne.

Mun gama haddar motsi, wadda mutum ke dukan iska shi kaɗai. Saura kashi na ƙarshe, naushi da tarewa.

Ga wanda bai taɓa shiga irin wannan zaure ba, ga dokar. Mai kai naushi sai ya faɗi da bakinsa inda zai kai. In ya ce "sama," fuska ke nan. In ya ce "tsakiya," ƙirji. In ya faɗa ba ya canjawa, ba ya ragewa. Kai kuma ka tare. In ba ka tare ba, jikinka zai yi maka bayani.

Masta, mai horar da mu, yakan ce duk duniya nan ne kaɗai mai dukanka zai gaya maka gaskiya kafin ya doke ka. Saboda wannan maganar na zauna a kulob ɗin, da furfurata, a ƙarshen layi, ina rusuna wa yaran da na girmi iyayensu.

Abokin gwajina Birkila ne, wani magini. Koriyar ɗamara gare shi, hannunsa kuwa kamar bulon da yake ɗorawa. Tun ranar da na fara kareti da shi ake haɗa ni.

Ya ja ƙafa baya. Ya dunƙule hannu a kwiɓi.

"Tsakiya."

Daidai nan idona ya kai kan benci. Uwata ta toshe baki da tafin hannu, ta karkata kai, sak yadda uwarta ke yi idan tana kallon yaro zai tsallaka titi.

Na shagala da kallonta. Hannuna bai tashi ba. Yana nan a gefena kamar na mai jiran mota.

Naushin ya taho.

Saura taƙi guda ya isa ƙirjina, sai hannun Birkila ya kauce gefe da ƙarfi kamar an make shi. Ya yi taga-taga. Ya yamutse fuska. Har da murza tsintsiyar hannu.

Ni kuwa ban taɓa shi ba. Ko iskata ba ta taɓa shi ba.

Wata mata a benci ta yi dariya, ta haɗiye rabinta.

"Da kyau," in ji Masta.

Ya tafa. Zaure ya tafa.

Da aka kira ni, ya kwance min farar ɗamara, ya ɗaura min ruwan ɗorawa da hannunsa. Na rusuna. Shi ma ya rusuna, amma idonsa na kan ƙullin ɗamarar, bai hau fuskata ba.

*

Ɗakin canja kaya na warin zufa da man zafi. Na tarar da Birkila shi kaɗai, ya ba ni baya, yana cusa riga a leda da sauri kamar wanda ake jira a wurin aiki.

"Hannun ya yi sauƙi?"

"Wane hannu, Baba?"

"Wanda na karya maka."

Ya yi dariya bai juyo ba.

"Ai Baba hannunka akwai nauyi. Ƙashin mutanen da, ba irin namu na yanzu ba."

"Nuna min wurin."

"Haba Baba."

"Ina so in ga aikina. Ko kai in ka gama gini ba ka ja baya ka duba?"

Ya juyo. Ya miƙo hannun a hankali. Fata sumul, sai tsohon tabon siminti.

"Ciki ne ya ji," ya ce.

"Ciki. To Allah ya ba cikin lafiya."

Na zauna a benci.

"Ka san aikin da na yi kafin in ajiye?"

"Gyaran rubutu, a maɗaba'a. Shi ya sa muke ce maka Jan Biro."

"Shafi mai kuskure bai taɓa ba ni tsoro ba. Wanda ke ba ni tsoro shi ne shafin da na karanta tun daga sama har ƙasa ban ga komai ba. A nan ɓarnar take kwana. Watannin nan da na yi a kulob ɗin nan, ban taɓa komawa gida da kumburi ba. Yaran firamare suna komawa da shi. Ni na ɗauka iyawa ce."

"Kana da iyawa, Baba."

"Ban ɗaga hannu ba yau."

Ya dubi ledar da ke hannunsa.

"Ban ɗaga ba, ka kauce. Ka yi taga-taga. Ka murza hannu. Ba yau ka fara ba, don wanda ya fara yau ba ya iya murza hannu da kyau haka."

Ya sauke ledar ƙasa.

"Sabo ne ya ci ni," ya ce. "Na saba a daidai wurin hannunka yake isowa. Ban duba ba."

"Tun yaushe?"

"Baba..."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

"Kai kaɗai?"

"Duk manyan. Masta ya tara mu kafin ka zo. Ya ce akwai dattijon da zai fara, kowa ya san yadda zai yi da hannunsa."

"Ranar da na kayar da kai, ka tashi kana cewa ka ga taurari?"

Ya sosa ƙeya.

"Na ɗan ga guda ɗaya."

Ban yi dariya ba. Shi ma ya fasa.

Ranar nan da nake faɗa, na koma gida na tsaya gaban hoton matata na ba ta labari da baki, kamar zautacce. Na ce mata yau mijinki ya kayar da ƙato. Tun da aka binne ta ban taɓa ba ta labari mai daɗi ba sai ranar.

"Shayin da muke sha bayan horo fa?" na ce. "Ka zauna kana jin labarin matata, kana kaɗa kai. Shi ma Masta ne ya tsara maka?"

"Wallahi a'a. Wannan ni ne, Baba."

"Ta yaya zan bambance?"

Ya sunkuya ya ɗauki ledarsa.

Na tashi.

*

A zaure ana ta hotuna. Yara na ɗaga sababbin ɗamaru, iyaye na cewa a matsa, a yi murmushi.

Na nufi Masta. A gabansa na kwance ɗamarar, na naɗe ta, na ajiye a kan teburin.

"Baba, ba a kwance ɗamara a tsakiyar zaure."

"Ba a kuma ba da ita sadaka."

Ya dube ni. Ya dubi Birkila da ya biyo ni yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin canja kaya kamar wanda aka kama da kayan mutane. Sai ya tafa hannu.

"Jama'a, a fita baranda a ƙarasa hotuna. Haske ya fi kyau a can."

Suka fita, suna waiwaye. Manyan ɗalibai 'yan kaɗan suka maƙale a jikin bango. Uwata ba ta motsa daga benci ba.

Masta sa'an ɗan cikina ne. Da rana wayarin wutar lantarki yake yi a gidajen mutane. Amma a zauren nan na rusuna masa fiye da yadda na taɓa rusuna wa masu maɗaba'ar da suka biya ni albashi.

"Baba, haddar motsinka babu wanda ya yi maka ita," ya ce. "Kai ka yi. Ko ƙafa ba ka ɓata ba."

"Iska na doka. Iska ba ta ramawa."

"Tsayuwarka ta gyaru. Numfashinka ya gyaru. Ranar da ka zo ko durƙuso ba ka iyawa."

"Da durƙuso nake nema da na zauna a gida ina share ƙarƙashin gado. Me ka ce mana game da naushi da tarewa?"

Ya gyara ƙullin ɗamararsa.

"In tuna maka? Na haddace, har na maimaita wa mutane. Ka ce nan ne kaɗai mai dukanka zai gaya maka gaskiya."

"Haka ne."

"Ban da ni."

"Ban da kai, Baba."

Ko ba komai ya iya amsa laifi a taƙaice. Marubuta da yawa ba su iya ba.

"Dalili?"

"Roƙona aka yi."

"Wa?"

Ya dubi ƙasa.

"Zomo ba ya fushi da makashinsa, Masta, sai maratayinsa. Kai rataya ka yi. Wa ya yi kisan?"

"Ni ce, Abba."

Ban juya nan take ba. Na san muryar. Ni na koya mata baƙaƙe da wasula.

Ta taso daga benci, jaka a hammata, ta tsaya a bakin katifar horo. Ba a hawa da takalmi, kuma ta sani. Ashe ta san dokokin wurin nan fiye da yadda na zata.

"Uwata."

"Na'am."

"Yaushe kika zo nan?"

"Kafin ka fara. Ranar da ka ce min za ka shiga."

"Ranar da kika ce min kin ji daɗi."

"Na ji daɗi, Abba. Tun rasuwar Mama ba ka taɓa cewa kana son yin wani abu ba sai ranar. Daga ɗaki sai kujera, daga kujera sai ɗaki. Ta yaya zan hana ka?"

"Sai kika zo kika gyara min duniya. Kika sa ƙarti suna faɗuwa in na yi atishawa."

"Shekarunka na duba."

"Shekaruna."

Na nuna wani tsohon direba da ke jikin bango, mai ɗamara ruwan ƙasa.

"Wancan ya girme ni. Makon da ya wuce da fasasshen leɓe ya tafi gida, yana dariya. Shi ba shi da 'ya?"

"Uku gare ni," in ji direban. "Addu'arsu a fasa ɗayan ma, ko na rage surutu."

Babu wanda ya taya shi.

"Ba shekaru ba ne," na ce. "Sake wani."

"Abba, mu je gida mu yi magana."

"A nan aka yi min, a nan zan ji."

"Mutane na kallo."

"Watanni suna kallo. Ni ne kaɗai ban san wasa ake yi ba."

Ta matse jakar.

Sai Birkila ya yi magana daga bayana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ita ba ta ce kada a taɓa ka ko'ina ba, Baba. Cewa ta yi ban da ƙirji. Masta ne ya ce a bar ko'inan ma, don kada a yi kuskure."

"Kawu," ta ce masa. Kalma ɗaya, amma da wuƙa ce da ta yanke shi.

"Yi haƙuri, 'yar nan. Na gaji."

Ƙirji.

Na dafa shi ban sani ba. Yana nan yadda na san shi, ƙashi da furfura.

"Me ke ƙirjina?"

"Babu komai."

"Uwata, me ke ƙirjina?"

"Abba, na ce mu je gida."

*

Waɗanda suka bi labarin nan tun farko sun san yadda matata ta tafi. Ga sababbi, a taƙaice: gyambon ciki aka ce min. Na yi ta sayo mata madara ina hana ta yaji, ina yi mata faɗa a kan barin abinci. Ita ta san abin da ke cinta. 'Yarta ta sani. Mijin 'yarta, da yake likita ne, shi ya fara sani. Ni aka bari da madara.

Sai da ta daina gane ni aka gaya min sunan ciwon.

Bayan an watse daga zaman makoki, yarinyar nan ta durƙusa a gabana ta riƙe hannuna biyu. Ta ce Mama ce ta sa ta rantsuwa. Ta ce daga yau har abada ba za ta ƙara ɓoye min komai ba.

Na yarda. Wanda ya rasa mata ba ya son ya rasa 'ya a mako guda.

*

"Hoton ƙirjin da mijinki ya ɗauke ni," na ce. "Lokacin da nake tari."

Ba ta ɗago ba.

"Ya dafa kafaɗata ya ce, Baba, ƙirjinka kamar na saurayi. Har na yi masa godiya."

"Abba..."

"Birkila, zo ka tsaya."

"Baba?"

"Zo ka tsaya inda ka tsaya ɗazu. Ko ta faɗa da bakinta, ko hannunka ya faɗa."

"Jijiya ce," ta ce da sauri.

Daga baranda ana jiyo wani uba yana cewa a sake hoton, yaron ya rufe ido.

"Babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. Ta kumbura a wuri ɗaya. Bangonta ya yi siriri."

"Sai me?"

"In ta sami bugu mai ƙarfi, ko jini ya hau sosai..."

"Ƙarasa. Ban taɓa son jimlar da aka bari a rataye ba."

"Za ta iya fashewa."

"In ta fashe?"

"Ba a kaiwa asibiti."

Na gyaɗa kai. Abin mamaki, ban ji tsoro ba. Tsoro na buƙatar wuri, ni kuwa wani abu ya riga ya cika ni.

"Ƙwayar da kike ba ni da safe. Ta ƙarin kuzari."

"Ta hawan jini ce."

"Kwalbar fa? Na karanta jikinta. Ni ba na shan abin da ban karanta ba."

"Na juye su a wata kwalbar."

"Kin san ubanki."

"Na san ka, Abba. Shi ya sa."

"Shi ya sa me?"

Ta ɗago. Idonta ya kaɗa, amma muryarta ba ta karye ba. Wannan ma gadon uwarta ne.

"Da na gaya maka, da ka koma kujerar nan. Ka ja labule. Ka tara littattafan likitanci ka karance su tas, ka fi mijina sanin ranar da za ka mutu. Ka zauna kana jira. Ƙarya nake?"

"Da haƙƙina ne."

"Ni kuma da nawa haƙƙin. Uba ɗaya ya rage min."

"Kin rantse."

"Na rantse."

"Kina riƙe da hannuna."

"Na karya, Abba. Kuma na ga kana dawowa gida kana waƙa a banɗaki. Na ga ka sayi sabon takalmi. Na ga ka cinye abinci ka nemi ƙari. In an mai da ni baya, zan sake karyawa."

"Waƙar da nake yi, ta ƙaton da na kayar ce. Ƙaton da ya kwanta da kansa."

Ta ƙara matse jakar a hammata.

"Kin ga, Uwata, uwarki ta ɓoye min mutuwarta. Ta yi min laifi, amma tata ce, tana da iko da ita. Ke tawa kika ɓoye min."

Nan ta sunkuyar da kai.

Na juya ga Masta.

"Jarrabawar nan, ƙarshen watan gobe ka sa ta. Kwatsam ka matso da ita, ka ce za a yi wa zaure fenti."

Na dubi bangon. Kowa ya dubi bangon. Bango ne mai haƙuri, babu wanda ya yi niyyar taɓa shi.

"Na so ka samu ɗamarar," in ji Masta.

"Kafin me?"

Bai kai ga amsawa ba aka turo ƙofar zaure.

Surukina ne. Ya shigo da murmushinsa na asibiti, wanda yake yi wa kowa iri ɗaya. Yana ganin fuskokinmu murmushin ya tsaya a rabi.

A hannunsa akwai jakata ta tafiya. Tsohuwar, mai karyayyen zik, wadda ke saman kabad ɗina. A cike take. Hannun rigar barcina ya leƙo ta gefe.

"Baba, barka," ya ce. "An ce ka..."

"Ya sani," in ji matarsa.

Ya sauke jakar a hankali.

"Yau?" na ce.

"Gado ya samu, Baba. Masu tiyatar sun ce kumburin ya ƙaru, ba sa son a ƙara jinkiri. Da mun wuce daga nan."

"Da me za ku ce min a mota?"

Suka dubi juna.

"Ɗan gwaji," ta ce. "Na kwana ɗaya."

"Sai in farka in ga an tsaga ni kamar buhu. Ko kada in farka, kowa ya huta da bayani."

"Da mun gaya maka a can, Baba. Dole ka sa hannu."

"Allah ya saka wa dokar da alheri. Ita kaɗai ta tuna ina da hannu."

Na dube shi da kyau.

"Likita, yau ka gwada faɗin gaskiya, ka ji yadda take a baki. Ana tashi daga tiyatar nan?"



"Da yawa suna tashi."

"Masu shekaruna?"

"Wasu."

"In na tashi, zan dawo zauren nan?"

"A'a, Baba. Wannan kam ya ƙare."

"Na gode. Ka ga ba ta kashe ka ba."

Farar ɗamarata na kan tebur, kusa da sabuwar. Ta yi dauɗa a wurin ƙulli, ta yi laushi. Ita kam zufar da ke jikinta tawa ce. Na ɗauka na ɗaura.

Na taka zuwa tsakiyar katifa.

"Birkila."

"Baba, don Allah."

"Sau ɗaya. Hannun gaskiya, sau ɗaya, kafin su tafi da ni. In na tare, na san watannin nan ba a banza na yi su ba. In ban tare ba, shi ma na sani."

"Ban yarda ba," in ji Masta. "Ba a zaurena ba."

"Ka koya min tarewa ko ba ka koya min ba?"

"Na koya maka."

"To me kake tsoro? In kuwa ba ka koya min ba, ga ɗalibanka nan, faɗa a gabansu. Ka ce rawa ka koya wa tsoho."

Ya dubi ɗaliban. Ya dubi hannuna. Ya ja gefe.

"Abba." Ta cire takalmi ɗaya, ta sa ƙafa a kan katifa. "Abba, in ka yi wannan..."

"Tsaya inda kike, Uwata. Kin yi naki."

"Baba, ko rabin ƙarfinsa ya ishe ta," in ji surukina. "Ba wasa nake ba."

"Na sani. Yau kowa ya daina wasa."

Birkila ya tako. A hankali, kamar mai tafiya a kan sabon daɓe. Ya tsaya a gabana. Ƙaton mutum, ido jawur.

"Ina da 'ya'ya, Baba."

"Ni ma ina da ita. Ga ta can."

"In na yi, ka yafe min?"

"In ka yi da gaske."

"In kuma hannunka bai tashi ba?"

"To ba kai ka yi ba. Jama'a sun ji."

Ya goge fuska da hannun riga. Ya rusuna. Na rusuna.

Ya ja ƙafa baya. Ya dunƙule hannu a kwiɓi. Wannan karon na ga jijiyoyin damtsensa sun tashi, abin da ban taɓa gani ba duk watannin nan.

"Ka ce sama," Masta ya ce masa ƙasa-ƙasa. "Birkila, ka ce sama."

Birkila bai dube shi ba. Ni yake kallo.

"Tsakiya," ya ce.

Ƙafarsa ta taso.